BILMA: RABON KYANWA A SHEKARAR TSADA

Duk hatsin da ake dakawa a garin Bilma baƙo ne. Ƙasar Kawar ba ta san noman damina ba, domin shekara takan zo ta wuce ruwan saman da ya zuba bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko yayyafi ba a gani. Abin da ƙasar ke bayarwa shi ne gishiri da dabino, sai ɗan kayan lambu da ake shayarwa da ruwan idanu da rijiyoyi. Hatsi kuwa daga Damargu da ƙasar Hausa yake tasowa, ya ƙetare Tenere, tafiyar kilomita wajen 600 daga Agadas, kafin ya shiga turmin matar gida. Tun zamanin kaka da kakanni haka abin yake. Cikin watan Oktoba Abzinawa kan ɗaura wa raƙuma kaya, madugu a gaba, su zo da hatsi da cuku da busasshen nama, su koma da kantu da beza na ramukan Kalala, da dabino. A farkon ƙarni na 20 akan ƙidaya raƙuma dubu 10 har zuwa dubu 20 cikin ayari ɗaya. Yau manyan motoci sun karɓe yawancin aikin, amma nisan bai ragu ba, kuɗin ɗauko kaya kuwa a kan buhu yake faɗawa.

Sabili da haka a Bilma ba a wasa da ƙwayar hatsi. Magidanci kan sayi na watanni ya ajiye a ɗaki, ya san in wannan ya ƙare babu gonar da zai nufa. Wannan ɗaki kuwa yana da wani mai gadi wanda ba ya cikin lissafin kowa, ba a yi masa albashi, ba a sa sunansa cikin masu cin abincin gida: kyanwa ke nan, wadda wasu ke kira mage, wasu mussa.

Lissafin ɓera

Kafin a zo ga rabon kyanwa, ya kamata a duba rabon da ɓera ke ɗauka da kansa ba tare da an ba shi ba. Ƙaramin ɓeran gida yana cin kamar giram 3 a yini, babban kusu kuwa giram 15 zuwa 20. Wannan kamar ba kome ba ne. To amma a ɗauka cewa manyan ɓeraye 20 sun sami zama a ɗakin ajiya: giram 400 ke nan kowace rana, kilo 12 a wata, wato kusan tiya 5 ta hatsi. Wannan shi ne abin da ya shiga cikinsu kaɗai. Wanda suka ɓata da kashi da fitsari, da wanda ya zube ta hujin buhu ya gauraye da yashi, ya fi haka nesa ba kusa ba. Ga shi kuma ɓera ba ya jiran kowa wajen haihuwa. Cikin mako 3 macen ta haihu, ƴaƴa 5 zuwa 8 a ciki ɗaya, su ma bayan mako 6 ko 7 sun isa haihuwa. Tsofaffin ma'aikatan gona ba su manta da yadda ɓeraye suka ɓarke a ƙasashen Sahel cikin 1975 da 1976 ba, da kuma 1986 da 1987, duka biyun bayan babban fari.

Ba yau wannan yaƙi ya fara ba. Binciken da masana suka fitar a 2007 ya nuna cewa duk kyanwoyin gida na duniya jikokin kyanwar daji ce guda, mai zama a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ba kama ta aka yi aka ɗaure ba. Ranar da ɗan Adam ya fara tara hatsi a rumbu, ɓera ya biyo hatsi, ita kuma ta biyo ɓera. A tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya shekara 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Ke nan zumuncin rumbu ne ya haɗa su, kuma a wuri irin Bilma zumuncin bai sake kama ba.

In shekara ta yi tsanani

Mutanen Kawar sun ga shekaru masu wuya iri iri, kuma kusan dukansu daga waje suke zuwa. Farin 1973 da 1974, da na 1984 da 1985, ya kashe raƙuman Abzin, ayari ya tsaya, gishiri ya taru a Kalala babu mai ɗauka, hatsi kuma babu mai kawowa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, cikin shekarun da ma'aikatan gwamnati ke yin watanni da dama ba su ga albashi ba. A watan Agusta na 2006 wani ruwan sama da ba a saba gani ba ya narkar da gidaje fiye da dubu a Bilma, tun da da ƙasa mai gishiri ake gina su. Yaƙin Libiya na 2011 ya rikita hanyar taliya da mai da madarar gari. Zinariyar Jado ta ɓulla a 2014, ta jawo dubban baƙi, kuɗi suka yi yawa, kaya suka yi tsada, sa'an nan hukuma ta rufe wurin a 2017. Dokar hana safarar ƴan ci-rani ta 2015 ta tsuke kasuwar Dirku har lokacin da aka soke ta a watan Nuwamba na 2023. A wannan shekara kuma takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wanda aka ɗage a watan Fabrairu na 2024, ya ɗaga kuɗin shinkafa a ko'ina cikin ƙasa. Garin da mutanensa ba su kai dubu 5 ba a ƙidayar 2012, kowace iska daga cikin waɗannan sai ta girgiza tukunyarsa.

In tukunya ta ragu, kowa ya san yadda rabo ke tafiya. Yara da tsofaffi su ne farko. Akuya tana da madara, jaki yana ɗaukar kaya, sai a nema musu abin da ya samu a lambu. Kyanwa ita ce ta ƙarshe a layi, kuma ita ce ta fari da ake cirewa. Ba don ƙeta ba ne. Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, a Kawar da ƙasar Hausa baki ɗaya, cewa wai kyanwa mai yunwa ta fi kamu, in an ciyar da ita sai ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Maganar tana da daɗin ji ga mai ƙaramin ƙarfi, tun da tana ba shi dalilin yin abin da talauci ya riga ya tilasta masa. Sai dai ba gaskiya ba ce.

A 1976 wani masani mai suna Robert Adamec ya gwada abin. Yakan ajiye wa kyanwa abincin da ta fi so, in ta fara ci sai ya saki ɓera a gabanta. Kyanwar takan bar kwanon, ta kashe ɓeran, ta jawo shi kusa da kwano ta yar, sa'an nan ta koma kan abincinta. Wato farauta dabam, yunwa dabam. Motsin ɓera ne ke tayar da ita, ko cikinta a cike yake. Abin da yunwa ke yi shi ne ta raba kyanwa da gida. Wadda ba ta samun kome a inda take, sai ta tsallake katanga. Ta nufi bayan mahauta, ta nufi juji, ta faɗa wa ƴan tsakin maƙwabci da tantabarunsa, har a kai ga jifa da cacar baki tsakanin gidaje. Ta shiga cikin dabino tana kamun tsuntsayen da suka ƙetare hamada daga Turai suka sauka shan ruwa a gajiye, alhali kuwa an sa dausayin Kawar cikin wurare masu kariya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. A wannan lokaci ɗakin hatsi yana nan babu mai gadi. In kuwa yunwar ta daɗe, sai ƙarfi ya ƙare, cuta ta shiga, a wayi gari kyanwar tana kallon ɓera yana wucewa ba ta iya tashi.

Ma'aikatan hukuma za su ji daɗin wani labari na Ingila. A 1868 ɓeraye suka addabi wani ofishin gidan waya a birnin Landan, suna cin takardun aika kuɗi. Sai aka ɗauki kyanwoyi 3 aiki a hukumance, aka ware musu sule ɗaya a mako don abinci, da sharaɗin cewa sauran su nema a jikin ɓeraye, in kuma wata 6 ya cika ɓarna ba ta ragu ba za a yanke kuɗin. Ba a yanke ba. Sai ma wasu ofisoshi suka riƙa rubuto takarda suna neman nasu. Abin lura shi ne, ko waɗancan masu tsumulmular kuɗin gwamnati ba su ce a bar kyanwa da yunwa ba. Sun ba ta ɗan abin da zai riƙe ta a wurin aiki.

Cikinta ba irin na mutum ba ne

Wani kuskuren ya fi na farko ban tausayi, domin masu son kyanwa ne ke yinsa. Uwar gida ta ga ba nama a gidan, sai ta gutsuri tuwo ko ta zuba ragowar shinkafa da taliya ta ajiye mata. Kyanwar ta ci don dole, cikinta ya cika, kowa ya ɗauka an sauke nauyi. Wata da watanni sai a ga tana ramewa, gashinta ya yi buzu-buzu, tana karo da kaya cikin duhu.

Dalili shi ne Allah ya halicce ta maciyiyar nama zalla. Mutum da kare suna iya rayuwa da hatsi da wake da ganye, jikinsu ya harhaɗa abin da ya rasa. Kyanwa ba ta iyawa. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, wanda ke cikin tsoka da zuciya da hanta, babu shi a hatsi, jikinta kuma ba ya yin wanda zai ishe ta. A 1975 masu bincike a Amurka suka gano cewa rashinsa na lalata idon kyanwa har ta makance, a 1987 kuma likitocin dabbobi na Kalifoniya suka nuna cewa shi ne ke sa zuciyarta ta kumbura ta kasa aiki. Haka nan ba ta iya ɗaukar sinadarin gyaran ido daga karas ko ganye kamar yadda mutum ke yi, sai daga hanta da ƙwai.

Ga wani abin mamaki kuma ga mutanen ƙasar dabino. A 2005 aka tabbatar cewa harshen kyanwa ba ya jin zaƙi ko kaɗan. Da dabinon Kawar da guntun itace duk ɗaya ne a bakinta. Ke nan cikin abubuwa biyu da Bilma ke tinƙaho da su, ɗaya ba ya yi mata amfani, ɗayan kuma, wato gishiri, in ya yi yawa cikin abinci ƙishirwa da wahala yake jawo mata. Shi ya sa ma take mai gadi na ƙwarai: abin da aka ba ta tsaro ba ya cikin abin da take kwaɗayi.

To nawa take bukata? Kyanwa mai nauyin kilo 3 zuwa 4, in nama zalla za ta ci, giram 150 zuwa 200 ya ishe ta a yini. In da ƙananan ɓeraye za ta dogara, sai ta kama kamar 8 kowace rana, abin da ba ya samuwa kullum ko a gidan da ɓera ya yi kaka-gida. Tsakanin abin da ta kama da abin da jikinta ke nema akwai giɓi, kuma wannan giɓin ne kaɗai ke kan mai gida. Bai kai tafin hannu ba.

Abin da ba ya cin kuɗi

Babu mai cewa talaka ya sayi tsoka don kyanwa alhali yaransa ba su gani ba. Abincin gwangwani da na leda da ake sayarwa a manyan kantunan Yamai don kyanwoyi kuwa, ba zancen Kawar ba ne. Amma a kowane gari da ake yanka, akwai abin da ake zubarwa. Huhu, saifa, maƙogwaro, guntayen fata da jijiya da mahauci ke sharewa daga kan teburi, kan kaza da ƙafafu da kayan cikinta: duk wannan abinci ne. Zuciya ta fi kome, domin ita ce ta fi yawan taurin. A dafa da ruwa zalla, kuma kada a zubar da ruwan, saboda sinadarin yakan fita ya shiga romo. Da wannan romo za a iya jiƙa ɗan tuwo ko shinkafa a cuɗa da guntayen naman. Dafaffen hatsi ba ya cutar da ita in ƙari ne a kan nama. In shi kaɗai ne, nan ne matsala take. Dafaffen ƙwai guda, ko da sau biyu ne a mako, yana toshe babban giɓi. Hanta kuwa kaɗan kaɗan ake ba ta, domin yawanta kullum yana sandarar da ƙashin wuya da na baya. Lokacin Babbar Salla, sa'ad da kayan ciki ke yin yawa har a rasa yadda za a yi da su, ana iya yanyanka huhu da saifa a shanya ba gishiri ba yaji. Iskar Bilma ba ta barin abu ya ruɓe. Ƙunshi guda na irin wannan zai kai watanni.

Abubuwan da ya kamata a nisantar da ita su ma suna cikin kowane gida. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna fasa ƙwayoyin jinin kyanwa, don haka ragowar miya da kilishi ba alheri ba ne gare ta. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji. Kifin gwangwani mai zuwa daga arewa, in za a ba ta, a tsiyaye man da ruwan gishirin. Madara, wadda kowa ke tsammani ita ce abincin kyanwa, takan sa babba zawo, domin cikinta ya daina narkar da ita tun da aka yaye ta, nono mai tsami ya fi sauƙi. Farasitamol kuwa, ƙwayar ciwon kai da ake saye a kan teburi, guda ɗaya tana iya kashe ta. Fara abinci ce mai kyau, amma ban da wadda aka yi wa feshin magani. Haka kuma wanda ya ajiye kyanwa kuma ya zuba maganin ɓera a ɗaki ɗaya ya haɗa abin da ba ya haɗuwa, tun da ɓeran da guba ta kama shi ne ke tafiya a hankali, shi ne kuma za ta fara cafkewa.

Sai ruwa. Kyanwa ɗiyar hamada ce tun asali, ƙodarta na tattalin ruwa, ba ta yawan nuna ƙishirwa. Wannan ne ke sa a manta da ita. A garin da zafi ke wuce digiri 40 watanni a jere, ƙaramin kasko na ruwa mai daɗi a inuwa ba ya cin ko dala.

Ko a ciyar, ko a saki

Malamai sun daɗe suna karantar da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi na kanta ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an nuna cewa ruwan da kyanwa ta sha bai zama najasa ba, domin tana cikin masu kai da kawowa a gida. A Masar, Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar wani lambu wakafi don ciyar da kyanwoyin Alƙahira marasa gida, har cikin ƙarni na 19 matafiya sun tarar ana raba musu nama kowace la'asar a harabar babban alƙali.

Hadisin ya buɗe ƙofa biyu, ciyarwa ko saki. A Maraɗi ko Damagaram, wadda aka saki tana da gonaki da rumbuna da kasuwanni a gabanta. A Bilma kuwa, saki zuwa ina? Ta gabas dutsen Kawar ne, ta yamma yashin Tenere, Fashi tana can nesa da fiye da kilomita 150. Wanda ya kai kyanwa bayan gari ya yar, bai sake ta ba, wani irin tsarewa ya yi mata.

Wannan magana ta fi shafar ma'aikata. Malamin makaranta, ko ma'aikacin asibiti, ko soja, ko jandarma da aka turo daga kudu, yakan ɗauki ƴar kyanwa don ta ɗebe masa kewa, ya saba mata da kifin gwangwani da madarar gari. Shekara 2 ko 3 takardar canjin wuri ta zo, ya ɗaure kaya ya hau mota, ita kuma ta wayi gari a ƙofar ɗaki a kulle. Irin wannan ta fi kowace shan wuya, domin ba ta koyi neman na kanta ba. Neman gidan da zai karɓe ta kafin ranar tafiya bai fi aikin yini ɗaya ba, kuma a garin da kowane gida ke da buhun hatsi a ajiye, masu so ba su da wuyar samu. Ko a ƙasashen masu arziki abin ya taɓa kai wa ga haka: a 2022, da tsadar rayuwa ta matsa wa mutanen Ingila, ƙungiyoyin kula da dabbobi sun buɗe wuraren raba abincin kyanwa da na kare kyauta, don kada masu su su yar da su.

Akwai kuma batun haihuwa, wanda ba shi da amsa mai sauƙi. Cikin kyanwa wata 2 ne da ƴan kwanaki, tana iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara, ƴaƴa 3 zuwa 5 kowane karo. Mai shayarwa na bukatar ninki biyu ko fiye na abincin da ta saba ci. Gidan da ke iya riƙe guda ɗaya ba lalle ya iya riƙe shida ba. Maganin da likitocin dabbobi suka sani shi ne fiɗiya, ta muzuru kuwa aiki ne na ƴan mintoci. Kafin a samu wannan, abin da ya rage shi ne a bar ƴaƴan su cika wata 2 tare da uwar, su fara koyon kamu, sa'an nan a raba wa masu ɗakin ajiya da masu kanti.

Kada kuma a ɗora wa kyanwa abin da ya fi ƙarfinta. Wani bincike da aka yi a gidajen manoma 40 na ƙasar Eswatini, aka fitar a 2017, ya nuna cewa ɓeraye sun fi jin tsoron gidan da ke da kyanwa da kare tare, kyanwa ita kaɗai ba ta hana su shawagi sosai ba. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Buhun da aka jingine da bango a ƙasa, da ramin da aka bari a gindin ɗaki, gayyata ce. A ɗora buhuna a kan duwatsu ko katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mai gadin za ta iya zagayawa, a toshe ramuka, wanda ya samu tsohuwar ganga mai murfi ya wanke ta sosai ya juye hatsin a ciki. Su ma mutanen gidan wayar Landan ba su daina ɗaukar kyanwoyi aiki a babban ofishinsu ba sai a 1984, bayan mutuwar na ƙarshe, wani muzuru mai suna Blackie, a lokacin da buhunan roba suka maye gurbin na tsumma da ɓera ke ci. Shekara 116 ke nan kyanwa na cikin kasafin kuɗinsu.